Dashe a Tsakiyar Burtali

Kurfi, ƙarshen Satumba 2021

Zuwa ga ɗiyata Halimatussa'adiyya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida aiki, da fatan takardar nan ta same ki lafiya. Mu nan sai godiya. Gwiwar nan tawa ce dai ke ta yi mani tsiya, in na durƙusa sai an kama ni. Gero ya yi kyau bana, dawa ma ta fid da kai. Tun da aka rufe layukan waya na koma ga alƙalami kamar zamanin da nake koyar da 'ya'yan makiyaya, ashe hannun bai manta ba. Misbahu direba zai kawo maki, shi za ki ba amsa.

To, ga abin da ya sa na zauna rubutu. Misbahun nan ne ya tsaya ƙofar gidana yana ta sosa ƙeya, wai ya ga wata babbar fasta a tashar Dutsin-Ma, da wata a ƙofar jami'arku, an sa hoton saniya tana cin dashen itace. Na ce to sai me, yau saniya ta fara cin ganye? Ya ce Goggo, kunnen ne. Tsaga biyu a dama, a hagu an ɗebe baki. Ke kin san shaidar gidanmu ke nan tun kakanni. Daga Wurma har Rawayau ba makiyayin da zai ga kunnen nan bai ce shanun Manu ne ba.

Na ce mashi ƙarya yake. Na ce ɗiyarmu ce a ofishin masu dashen nan, ita ke rubuta masu komai. Yo ni da na cika Kurfi da labarinki! Gidan biki, gidan suna, sai na ce ɗiyar marigayi Ummaru ɗan baffanmu tana jami'a, aikinta a dasa itace kuma a tabbatar ba a zalunci talaka ba. Har mata sun fara kau da kai in na buɗe baki.

Duk da haka na aika Wurma aka tambayo mani Baffanki Manu. Kin san shi, ƙanena ne, amma ko ni sai na yi ta tono kamar mai haƙar rogo kafin in samu magana. Ya ce i, ya ratso da shanu zai kai su allura, ya bi burtalin da ke bayan filin jami'a, ya tarar an jera dashe a tsakiyarsa. Dama dawa, hagu dawa, duk a tsaye. Ina zai kauce? Ya ce ya yi iya yinsa, amma shanu ba su san dashe ba.

Abin da ke cin raina shi ne kaka ta ƙarato. Da an kwashe amfani, gonar Alhaji Yazid ta wajen Kutawa Manu ke sauka ya ci rani, shanu su ci kara su bar wa mai gona taki. Haka iyayensu suka yi. Burtalin nan shi ne hanyarsa, ba shi da wata. Kasuwar shanu a rufe take, ba damar ya rage garke, daji kuma kin san abin da ke cikinsa yanzu. In gonar nan ta kuɓuce mashi ban san inda zai sa kansa ba.

Ki sa a sauke hoton nan tun bai jawo mana magana ba. Kuma ki gaya mani wane marar ido ne ya dasa itace a burtali.

Goggonki,
Mairo

*

Dutsin-Ma, farkon Oktoba

Zuwa ga Goggo Mairo,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na ji daɗin ganin rubutunki. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Ga man shafawa nan na ba Misbahu, ki riƙa murzawa safe da yamma. Ni lafiya lau nake, aiki ne dai ya yi yawa.

Goggo, bari in yi miki bayanin aikin don ki fahimta. Sunan shirin namu Inuwar Kowa. Dakta Badaruddeen ne shugaba, kuma mutumin kirki ne ƙwarai. Tun farko ya ce ba za a dasa ko tsiro ɗaya ba sai an ji ta bakin waɗanda abin zai shafa, domin an sha kawo aikin gyaran muhalli ya ƙare a wuyan talaka. Mun zauna da manoman da ke maƙwabtaka da mu, da mata masu sayar da itacen girki, da masu sharar makaranta, da ɗalibai. Masu shara suka ce a yi musu inuwa inda suke hutawa, aka yi. Matan suka ce a dasa irin wanda za a riƙa sassabe ana girki ba tare da ya mutu ba, aka dasa.

Wurin da kike magana kuwa, fili ne dogo da ba mai noma shi, ga aguwa ta kange shi dama da hagu, sai kwamiti ya ga ya dace. Manoma ba su ce komai ba. Ɗalibai suka yi ta ɗibar ruwa a ka duk lokacin da sama ta ɗauke, suka raya bedi da gawo da zogale, har wasu suka sa wa nasu suna. Ranar da suka tarar an tattake, wata yarinya kuka ta yi sosai.

Hoton, wani ɗalibi ne ya ɗauka. Ban tsaya na duba kunne ba. Yanzu an riga an ja waya mai ƙaya a bakin wurin gaba da baya, kuma kwamiti ne ya yanke, ba ni kaɗai ba. Zan ga abin da zan iya, amma abin ofis sai a hankali, kuma kin san ba a kawo maganar gida wurin aiki. A ba Baffa haƙuri. Ko zai duba wata gonar bana?

Taki,
Sadiya

*

Kurfi, tsakiyar Oktoba

Halimatussa'adiyya,

Sallama wajibi ce, to assalamu alaikum. Gwiwa da sauƙi, man ya yi, na gode.

Fili dogo da ba mai noma shi! Sai da na cire tabarau na goge na sake karantawa. Ke! Fili mai aguwa dama da hagu, ko jaririn ruga ya san sunansa. Ba a wuyan Manu kika ratsa shi ba shekarar da ubanki ya rasu, kina riƙe da hularsa kina ba shanu umarni? Wai ya duba wata gonar. Gonar rani rumfar kasuwa ce da za a tashi daga wannan a koma waccan? Yanzu da ko ruwan sha Bafulatani ya roƙa sai an leƙa bayansa, wa zai buɗe wa baƙon garke gonarsa?

Na kasa zama, na hau motar Misbahu na zo da kaina. Na ga fastar. An rubuta a ƙasa, Ka shuka, sun cinye. Mutane na tsaye suna kallo, wani na cewa ai dama halinsu ke nan. Na ja mayafi na rufe zanen Fulanin da ke gefen bakina, ni Mairo, da tsufana. Daga nan na je ƙofar jami'a na ce ina neman Halimatussa'adiyya Ummaru Wurma. Masu gadi suka dubi juna. Na ce ta ofishin dashe. Sai ɗaya ya ce au, Malama Sadiya Umar, 'yar Katsina? Ya ce in shiga. Ban shiga ba. Tsoro na ji kada in tsaya gabanki ki rasa abin da za ki kira ni a gaban mutane. Na juya tasha, ko ruwa ban sha ba a garinku.

Tunda ba ki duba kunne ba, bari in gaya maki abin da ni na gani. Saniyar nan ja mai farin goshi, Wule ce. Ranar sunanki ubanki ya nuna wata karsana ya ce ta Halimatu ce. Da ya rasu uwarki ta tafi da ke birni, Manu ya ci gaba da kiwonta, ita da duk abin da ta haifa. Ɓarayi sun kwashe sauran shekaran bara, ya hana a gaya maki don kina jarrabawa. Wule jikarta ce, ita kaɗai ta rage. Saniyarki ce aka liƙa a tasha.

Abin da nake tsoro kuma ya faru. Mai unguwar su Alhaji Yazid ya kira Alhajin ya ce bana shanu masu wannan kunnen ba za su sauka ba, ba ya son rigima da jami'a. Alhaji ya taka har Wurma ya faɗa wa Manu, kansa a ƙasa. Manu ya sa aka dama mashi fura, ya raka shi har bakin hanya. Da na ce zan rubuto maki, cewa ya yi in ƙyale yarinya da aikinta.

Ni ba zan ƙyale ki ba. Ina jiran amsa.

Mairo

*

Kurfi, farkon Nuwamba

Halimatu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Misbahu ya je ya dawo, ya je ya dawo, kullum ba komai a hannunsa, har ya daina bi ta ƙofar gidana don kada in tambaye shi. Na gane abin da kike nufi.

An kwashe dawa, ciyawar Wurma ta ƙare. Manu ya kaɗa shanu ya yi yamma, wajen dajin da kowa ke gudu. Ya bar matarsa Maimuna a gidana. Ya kuma bar Wule. Bai shigo ba, kukanta kawai na ji a bayan ɗaki, na fita na tarar da ita a ɗaure, shi kuma ya yi nisa.

A gidanmu ba a ware saniyar mutum daga garke sai in an gama da shi. Kin san haka, in ba shi ma kin manta ba. Ki aiko a ɗauki abinki, ni ba ni da ƙarfin yanko mata ciyawa.

Mairo

*

Dutsin-Ma, Nuwamba

Goggo,

Assalamu alaikum. Ban san da wane ido zan gaishe ki ba, amma ina gaishe ki, ina gaida Inna Maimuna. Lafiyar jiki ina da ita.

Ƙarya na yi miki. Na duba kunnen. Tun ranar da aka ajiye hoton a teburina na gan shi, na kife shi. Sannan na buɗe na rubuta kalmomin da kika karanta a tasha. Ni na rubuta su. Burtalin ma na gane shi tun ranar da muka je dubawa, har tsamiyar da muke hutawa a gindinta na gani. Dakta ya tambaya a gaban kowa ko akwai wanda ya san abin da ya sa ba a noma wurin. Na sunkuya ina gyara takalmi. A zaman kwamiti kuma shi da bakinsa ya ce saura makiyaya ba mu ji ta bakinsu ba, amma a wannan yanayi wa zai iya shiga ruga ya kira su? Wani ya ce sai wanda ya gaji da duniya. Aka yi dariya. Goggo, har da ni a masu dariyar. Marar idon da kike tambaya ni ce, kuma idona garau.

Ranar da na samu aikin nan kin riƙe hannuna a tashar Kurfi kin ce, ki kama bakinki, kada ki gaya wa kowa ke 'yar ruga ce, zamani ya lalace. Ba don in ɗora miki laifi na tuno ba. Ke kin ce in ɓoye don in tsira, ni kuma na ji daɗin ɓuyan. Na ji daɗi da ake ce mini 'yar Katsina. Na ji daɗi da ba a yin shiru in na shigo ɗaki ana labarin daji.

Da na karanta labarin Wule, da zuwanki ƙofa kika juya, na fara takarda na yage ban san adadi ba. Sai na ce ba zan rubuto ba sai ina da abin nunawa. Akwai taron da aka shirya don gode wa ɗalibai, an gayyato masu unguwanni da manoma, na ce a nan zan yi. A ƙa'idarmu in dabba ta yi ɓarna mai ita ake nema ya zo ya amsa. Dakta yana jawabi ya ce har yau mai saniyar nan bai bayyana ba. Na miƙe. Na ce saniyar tawa ce, sunanta Wule, ubana ya ba ni kakarta ranar sunana. Na ce sunana Halimatussa'adiyya Ummaru, daga rugar Wurma. Na ce wurin nan burtali ne, hanyar shanu tun kafin a haifi duk wanda ke zaune a nan, na sani tun farko na yi shiru, mu ne muka je muka dasa a kan hanyarta. Sai yarinyar nan da ta yi kuka kan bishiyarta ta dube ni ta ce, Malama, kina kallo muka yi ta ɗibar ruwa? Wannan ta fi komai yi mini ciwo.

Dakta bai yi mini faɗa a wurin ba. A ofis ya ce ya yi ta yawo yana gaya wa mutane shirinsa ya ji ta bakin kowa, ashe wadda za ta kai shi ruga tana teburin kusa da nasa. Ya ce shi ma da tasa kunyar, don sau ɗaya ya tambaya, da ba a amsa ba ya ji sauƙi a ransa. An sauke fastocin. An cire wayar. Dashen da ya rayu za a ɗauke shi da ƙasarsa a mai da shi gefe, jikin aguwa. Za a ba makiyaya kujera a kwamiti. Wasu a ofis sun daina yi mini magana, wasu kuma suna gaishe ni da wani irin ladabi da ya fi zagi.

Na dawo da 'yar murnata zan rubuto miki, sai ga Misbahu da takardarki ta uku. Ashe ina can ina jiran ranar taro, Baffa yana kan hanyar daji. Da na buɗe baki tun damina, ko a makon da kika fara rubuto mini, da yanzu yana gonar Alhaji. In wani abu ya same shi, ni ce. Ya yi daidai da ya ware ni. Ki gaya mini yadda zan yi da Wule.

Halimatu

*

Kurfi, Nuwamba

Ɗiyata Halimatu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ni da Maimuna, tana gaishe ki. Wule na cin harawar maƙwabta kamar ita ta noma.

Maganar tasha na tuna da ita, har inda muka tsaya na tuna. Na wuni ina juya ta. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina bin ruga ruga ina cewa ku kawo 'ya'yanku boko don su tsaya maku gobe, ni ce na samu guda ta kai, na ce mata ta ɓuya. Sannan na zo ina zaginki don kin ji maganata. Ran nan a gaban fastar ma ai rufe fuskata na yi. Tir da ni. Ba zan ce ba ki yi laifi ba, kin yi, babba ma kuwa. Amma inda kike zaune da kunyar nan, matsa mani in zauna.

Ga wata kunyar kuma. Na yi maki fassarar abin da ban sani ba. Da na gaya wa Maimuna abin da na rubuta kan Wule, sai ta saki ludayi ta ce Yaya Mairo, wa ya ce maki ware ta ya yi? Ashe ita ya yi wa magana kafin ya tafi. Ya ce Wule na da ciki, ba za ta jure tafiyar ba. Ya ce kuma inda za shi ba kowa ke dawowa da abin da ya tafi da shi ba, ita kaɗai ta rage maki daga hannun ubanki, in an kwashe nasa kada a haɗa da naki. Na ce Maimuna, kina gidana kina cin tuwona ba ki faɗa mani ba? Ta ce ai ban tambaye ta ba. Kai, shirun gidanmu shi zai kashe mu.

Yanzu ki buɗe kunne. Alhaji Yazid ya zo. Ya ce yana wurin taron, ya ji ki da kunnensa, har ya kasa ɗaga kai don shi ma ya san burtali ne ya yi gum. Mai unguwa ya sauko, amma ya ce tunda mai saniya ta bayyana, ita za ta kawo ta da hannunta ta tsaya mata, kowa ya gani. Kuma abin na gaggawa ne. Masu sayen kara sun dami Alhaji, 'ya'yansa na cewa a sayar tunda Manu ya tafi. Shi ya ce in dai ya ga turken gidanmu a gonar da dabba a jiki, ba mai taɓa kara ko ɗaya, wurin na Manu ne har ya dawo.

Maimuna za ta koro Wule a hankali, su kwana a hanya wurin dangi, har bakin burtali. Misbahu zai gaya maki ranar. Daga nan sai ke. Ki sa takalmin da za ki iya tafiya da shi, ba mai tsinin nan ba.

Goggonki,
Mairo

*

Dutsin-Ma, ƙarshen Nuwamba

Goggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ya gwiwa? Mun isa. Wule na gonar Alhaji, Inna Maimuna ta kafa bukkarta, matan Alhaji kuma sun ce a cikin gida za ta riƙa kwana har Baffa ya zo.

Ban zaci za a taru ba. Ɗalibai na aikin mai da dashe gefe, suka ajiye shebur suka tsaya. Dakta na nan, mai unguwa na nan, da mutanen ofis har waɗanda ba sa gaishe ni. Inna ta miƙo mini igiya ta ja baya. Goggo, ban iya riƙe igiyar saniya ba. Na naɗe ta a hannu kamar hannun jaka, Wule ta fizge, sai ga ni a ƙasa da gwiwa biyu. Aka fashe da dariya, na ji wani ya ce ka ga 'yar Fulani. Na tashi zanina duk ƙasa, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Inna ba ta matso ba. Cewa kawai ta yi, daina janta, yi mata magana. Na rasa abin da zan ce wa saniya. Sai wannan kiran da Baffa ke yi da harshe ya zo mini baki, wallahi ban san yana cikina ba. Na yi shi a gaban Dakta da kowa. Ta ɗaga kunnuwan nan nata ta dube ni, ta wuce gaba. Daga nan ita ta kai ni, ni dai igiya ce a hannuna. Ba ta taɓa dashe ko ɗaya ba.

Yarinyar nan da ta yi kuka kan bishiyarta, Nana Aisha sunanta, ta biyo mu har tsamiya. A nan ta ce mini bedinta ya mutu wajen cirewa. Na ce ta yafe mini. Ta ce za ta yi tunani. Ban ga laifinta ba.

Ni na kafa turken da hannuna, Alhaji na tsaye, na ɗaure ta tam don kada ta kwance. Dakta ya ce kujerar makiyaya ba za a ɗora kowa a kai ba sai su da kansu sun zo sun faɗi wanda suke so, kuma ni zan raka shi ruga ya roƙe su.

An ce za a buɗe layukan waya kwanan nan. In kin sami Baffa, ki ce masa wurinsa na nan. Ni ba zan iya kiransa ba, ban san da wane baki ba.

Ɗiyarki,
Halimatu

*

Kurfi, Disamba

Ɗiyata,

Assalamu alaikum. Lafiya lau. Na san an buɗe layi, amma wannan ba zan iya faɗa maki da baki ba, muryata za ta ba ni kunya.

Na same shi. Yana raye, ya juyo. Garken ya ragu. Bai faɗi yadda aka yi ba, ni kuma ban tambaya ba, Maimuna za ta gani da idonta in sun iso. Muryarsa ta tsufa, Halimatu. Wannan nauyin ki riƙe shi, ni ma na riƙe.

Na gaya mashi komai, da taron, da faɗuwarki a gaban mutane, ban rage ba. Sai ya ce, wa ya kafa turken? Na ce Halimatu. Ya ce wa ya ɗaure? Na ce ita, ta ce ma tam ta ɗaure. Ya ce, to a ce wa Halimatu ta je ta sassauta igiyar, mai ciki ba a matse mata wuya. In na iso zan nuna mata ƙullin ubanta.

Iyakar abin da ya ce ke nan. Na san Maimuna ta gyara igiyar tun ranar da kika juya baya, shi ma ya sani. Ke dai ki je ki sassauta.

Goggonki,
Mairo